Gidan Malam Fodiyo na Ɗegel: Zuriyar Ƙauye Daga Kakanni Zuwa Jikoki

Dukkan yabo da godiya su tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanya zumunta ta zama amana a wuyan bayinSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. Allah Ya ƙara yarda ga Shehu Abdulƙadir Jilani da sauran waliyyanSa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku shehunnai da muƙaddamai da sauran ikhwan maza da mata, na Sheme da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa da ƙauyukan da ke kewaye da su.

Maudu'in wannan zama shi ne tarihin gida ɗaya, wato gidan da Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (R.A.) ya fito daga cikinsa. Idan aka ambaci Shehu, abin da kan fara zuwa a zuciya shi ne tuta da dawaki da daula. Amma kafin tuta akwai gida, kuma gidan nan na ƙauye ne, mai ɗakunan ciyawa da 'yan shanu da rijiya da alluna jingine a zaure. Galibin waɗanda suka halarci wannan taro a irin wannan gida aka haife su. Abin da za a bibiya shi ne inda mutanen gidan suka fito, da abin da suka gadar wa 'ya'yansu, da wuraren da zuriyar ta watsu, da kuma dalilin da ya sa labarinsu ya tsira alhali na dubban gidaje irin nasu ya shafe.

Asalin gidan

Mutanen wannan gida Fulani ne Toronkawa, waɗanda asalinsu ya fito daga Futa Toro a bakin kogin Sanagal. Kakan da suke tuƙewa gare shi shi ne Musa Jakollo, wanda ya jagoranci jama'arsa zuwa gabas har suka sauka a ƙasar Ƙonni, ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Shehu. Salsalar da malaman gidan suka adana ita ce: Usmanu ɗan Muhammadu Fodiyo, ɗan Usmanu, ɗan Salihu, ɗan Haruna, ɗan Muhammadu Gurɗo, ɗan Jabbo, ɗan Muhammadu Sambo, ɗan Ayuba, ɗan Masirana, har zuwa Musa Jakollo. A duk tsawon wannan jeri babu wanda ya mulki birni. Malamai ne da limamai, suna da dabbobi gwargwadon buƙata, amma sana'arsu ta asali karatu ce da koyarwa da kwafar littattafai. Ita kanta kalmar Fodiyo laƙabi ne, ma'anarta da Fulatanci malami masanin fiƙihu.

Daga Ƙonni reshen gidan ya koma Maratta, kusa da Galmi a Jamhuriyar Nijar ta yau. A nan aka haifi Shehu a ƙarshen watan Safar na shekarar 1168 bayan Hijira, wanda ya yi daidai da Disamba 1754. Yana ƙarami iyayensa suka tashi zuwa Ɗegel, wani ƙauye a ƙasar Gobir, wanda yanzu yake cikin ƙaramar hukumar Gwadabawa ta Jihar Sakkwato. Mahaifiyarsa Hauwa'u ita ma 'yar gidan malamai ce, kuma mahaifiyarta Ruƙayya sananniya ce da ilmi da tsoron Allah. Wannan batu na mata masu karatu a gidan tsoho ne, ya riga Nana Asma'u da tsara biyu ko uku.

Makarantar Shehu ta farko danginsa ne. Wurin mahaifinsa ya sauke Alƙur'ani. Wurin Malam Usmanu Binduri, ɗaya daga cikin iyayensa na dangi, ya karanta Mukhtasar, ya kuma zauna tare da shi kusan shekara biyu yana koyi da halayensa na umarni da kyakkyawa da hani ga mummuna. Wurin Malam Muhammadu ɗan Raji, shi ma ɗan'uwa ne, ya karanta Sahihul Bukhari bayan da malamin ya dawo daga Hajji. Babban malaminsa na waje shi ne Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda ya bi har Agadas. An san waɗannan sunaye ne domin ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna ya rubuta littafi musamman kan malaman da suka ɗauki ilmi a wurinsu, mai suna Ida'un Nusukh. Ba domin wannan ɗan littafi ba, da yawancin waɗannan dattawan ƙauye ba a san ko sun taɓa rayuwa ba.

Shehu ya fara wa'azi yana ɗan shekara 20, a wajen 1774, ya zagaya ƙasar Kabi, ya kuma yi kimanin shekara biyar a Zamfara. Masu sauraronsa manoma ne da makiyaya da matansu, shi ya sa ya riƙa tsara waƙoƙi da harshen da suke ji. Lokacin da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami ran Babbar Salla, a wajen 1788, ya yi musu kyauta, Shehu ya ƙi karɓa, ya nemi abubuwa biyar a madadinta. Biyu daga ciki su ne a saki fursunoni, kuma a sassauta wa talakawa haraji. Wanda ya tashi a ƙauye ya san nauyin wannan roƙo na ƙarshe. Ruwaya ta nuna cewa shi kansa Shehu da tufkar igiya yake samun abin masarufi.

A Ɗegel ne kuma, a shekarar 1794, yana da shekara 40 da 'yan watanni, ya sami babban buɗin nan da ya ba da labarinsa da kansa, inda ya ga Manzon Allah (S.A.W.) tare da Shehu Abdulƙadir Jilani, aka rataya masa takobin gaskiya. Daga nan sunan Ƙadirawa ya bi jama'arsa. Waƙarsa ta tawassuli da Shehu Abdulƙadir da Fulatanci ya yi ta, Malam Abdullahi ya mayar da ita Larabci ya sa a cikin Tazyinul Waraƙat. Daga baya gidan ya ƙulla alaƙar wuridi da gidan Kunta na yankin Tumbuktu, wato gidan Shehu Mukhtar al-Kunti wanda ya rasu a 1811.

Barin Ɗegel

A watan Fabrairu 1804, bayan al'amari ya ɓaci tsakanin jama'a da Sarkin Gobir Yunfa, aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu. Ya kamata mai sauraro ya kalli wannan hijira da idon mai gida: an bar rumbuna da gonaki da kaburburan iyaye, an ɗauki tsofaffi da masu ciki da yara. Asma'u tana da kimanin shekara 11. Wani malami Buzu mai suna Agali yana cikin waɗanda suka kawo ɗauki da raƙuma, kuma a kan raƙuma aka ɗora littattafan Shehu. Mutanen da ke gudun ceton rai, amma suka ware abin hawa domin takardu, sun nuna abin da suka ɗauka shi ne dukiyar gidansu.

Yaƙe-yaƙen da suka biyo baya sanannu ne, ba sai an tsawaita ba: Tafkin Kwatto a 1804, da Tsuntsuwa inda aka yi asarar mahaddata Alƙur'ani masu yawa, da Alwasa, har zuwa faɗuwar Alƙalawa a 1808. Amma akwai wani ɓangare da ya shafi wannan yanki kai tsaye. Duk wanda ya bi hanyar Funtuwa zuwa Gusau, ya wuce Sheme da 'Yankara ya nufi Tsafe, yana gab da 'Yandoto, tsohon garin malamai wanda ɗalibai suke zuwa daga nesa tun kafin a haifi Shehu. Malaman 'Yandoto sun rabu biyu a kan kiran Shehu, mafi yawansu ba su amsa ba, kuma a wajen 1806 Muhammadu Bello ya ci garin da yaƙi. Wannan abu ne mai ɗaci, domin malamai ne a ɓangarorin biyu. Shehu Laminu na Barno ya zargi mayaƙan jama'a da wulaƙanta littattafai, Bello kuwa ya amsa a cikin Infaƙul Maisur cewa ya ga takardu a warwatse bayan wani yaƙi, ya bi yana tsince su da hannunsa, ya kuma tsawata wa waɗanda suka jawo hakan. Ko ta wace fuska aka duba, gidajen malamai da yawa na kudancin Katsina sun rasa tarihinsu a waɗannan shekaru. A birnin Katsina kuwa, Malam Umarun Dallaje, shi ma mutumin ƙauye, shi ya zama sarki, ya riƙe har 1835.

Shehu bai zauna a fada ba. Ya raba al'amuran mulki tsakanin ƙanensa Abdullahi a yamma da ɗansa Bello a gabas, shi kuwa ya tare a Sifawa yana karantarwa, sai a 1815 ya koma Sakkwato. Allah Ya yi masa rasuwa ran 3 ga Jimada Sani 1232, wato 20 ga Afrilu 1817, aka rufe shi a gidansa inda ake kira Hubbare.

Gado iri biyu

Shehu ya bar gado iri biyu, mulki da ilmi. Masu rubuta tarihi sun fi bin sawun na farko, domin jerin sarakuna ya fi sauƙin lissafi. Ga 'yan ɗariƙa kuwa na biyun ya fi cancantar a tsaya a kansa.

Gadon mulkin ma bai zo da sauƙi ba. An yi wa Bello mubaya'a a Sakkwato kafin Malam Abdullahi ya iso, aka sami 'yar tsama tsakanin baffa da ɗansa na wasu shekaru. A Kalambaina aka daidaita, lokacin da Bello ya kai wa baffansa gudummawa. Ruwaya ta nuna cewa da suka haɗu Bello ya yunƙura zai sauka daga kan doki domin girmamawa, Malam Abdullahi ya yi masa nuni da ya zauna, ya gaishe shi da gaisuwar Sarkin Musulmi. Malam Abdullahi, mai tafsirin Liya'ut Tawil, wanda ya taɓa barin rundunar jihadi a 1807 da niyyar tafiya Makka saboda ganin son duniya ya fara shiga jama'a, har sai da mutanen Kano suka tsayar da shi, ya rasu a Gwandu a 1829. Zuriyarsa ce ke sarautar Gwandu.

Daga cikin 'ya'yan Shehu akwai wanda ya girmi Bello amma bai nemi komai na mulki ba, shi ne Muhammadu Sambo. Ya zaɓi zuhudu da halwa da tarbiyyar muridai, kuma 'yan'uwansa sun shaida cewa shi ya gaji mahaifinsu ta fuskar ilmin baɗini. Ya rasu a 1826. Babban almajirinsa ɗan 'yar'uwarsa ne, Abdulƙadir ɗan Tafa. Mahaifiyar Abdulƙadir ita ce Hadiza 'yar Shehu, mahaifinsa kuwa Malam Musɗafa, magatakardan Shehu. An haife shi a 1804, a tsakiyar hijira, ya rayu a ƙauyen Salame yana karantarwa a makarantar da mahaifinsa ya kafa, ya rasu a 1864. A wannan ƙauye ya rubuta Raulatul Afkar, ɗaya daga cikin muhimman littattafan tarihin ƙasar Hausa, da wasu littattafai masu zurfi kan tasawwufi waɗanda har yau ba kowane malami ke iya warware su ba. 

Sai Nana Asma'u, wadda aka haifa a Ɗegel a 1793, tagwai da ɗan'uwanta Hassan. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tana ƙarama, matan Shehu suka rene ta. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Bello kuma Wazirinsa. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma ita ta mayar da waƙar mahaifinta Tabbat Haƙiƙa zuwa Hausa. Babban aikinta, wanda ya fi kusa da maudu'in wannan zama, shi ne tsarin 'Yan Taru da ta kafa a wajen 1840. Yaƙe-yaƙe sun bar ƙauyuka cike da mata, wasu zawarawa, wasu sababbin shiga Musulunci, waɗanda ba su da mai koya musu ko alwala. Asma'u ta riƙa zaɓar dattijuwa mai amana daga kowane ƙauye ta naɗa ta jaji, ta ɗora mata malfa ɗaure da jan ƙyalle. Jaji ita ke jagorantar tsofaffin mata da 'yan mata ƙanana su tako a ƙasa zuwa wurin Asma'u, da 'yar tsarabarsu ta hatsi ko zuma ko man shanu, su haddace waƙoƙin tauhidi da tsarki da tarihin Annabi (S.A.W.), su koma su koyar da matan aure waɗanda ba za su iya barin gida ba. Hikimar tsarin ita ce bai buƙatar gini ko albashi. Asma'u ta rasu a 1864, aka rufe ta kusa da mahaifinta.

Ƙanwarta Maryam ce ta ci gaba da riƙon 'Yan Taru. Ita ce ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo, ta dawo Sakkwato bayan rasuwarsa a 1846. Ta yi tsawon rai, har ta kai sarakuna suna neman shawararta, kuma ta rubuta wasiƙa tana jan hankalin masu gaggawar yin hijira zuwa gabas cewa lokacin da Shehu ya yi ishara da shi bai yi ba tukuna. Ɗan autan gidan, Isa, bayan rasuwar Shehu aka haife shi. Asma'u ta kula da tarbiyyarsa, aka zaunar da shi a Kware, ya taya yayarsa mayar da waƙoƙin mahaifinsu zuwa Hausa. Wannan aiki nasu shi ya sa manomin da bai ji Fulatanci ko Larabci ba ya san maganar Shehu.

Zuriyar maza ma ba ta taru a birni ba. Sarkin Musulmi Bello ya ɗauki tsarin ribaɗi, wato kafa garuruwa a bakin iyaka, a zaunar da makiyaya, a koya musu noma da sana'a, a ba su limami da alƙali da makaranta. Shi kansa ya fi zama a Wurno, can ya rasu a 1837, can kabarinsa yake. Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya zauna a Tambuwal, Ahmadu Rufa'i a Silame kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1867, zuriyar Atiku kuwa a Cimmola da Gwadabawa. Ba duka rassan ne suka tsaya kan tafarki ɗaya ba, kuma ɓoye haka ba girmama Shehu ba ne. Umaru Nagwamatse ɗan Atiku, wanda ya kafa Kwantagora, an fi saninsa da hare-haren kama bayi a ƙasashen Gwari da Kambari, abin da ya yi nisa da koyarwar kakansa wanda ya roƙi Bawa ya saki fursunoni.

Akwai kuma wata ƙulla zumunta da ya kamata 'yan ɗariƙu su riƙa tunawa. Shehu Umarul Futi, babban halifan Tijjaniyya, ya zauna a Sakkwato shekaru da dama a kan hanyarsa ta dawowa daga Hajji, kuma Bello ya aurar masa da 'yarsa Maryam. An daɗe ana muhawara kan ko Bello ya karɓi wuridin Tijjaniyya, Waziri Giɗaɗo ya kore wannan magana, amma auren babu mai musunsa.

Shekarar 1903

Ran 15 ga Maris 1903 sojojin Ingila suka ci Sakkwato. A nan gidan ya fuskanci irin tambayar da ya fuskanta a Ɗegel shekara 99 kafin nan: a tashi ko a zauna? Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu ɗan Atiku ɗan Shehu ya zaɓi hijira, ya nufi gabas, dubban talakawa suka bar gonakinsu suka bi shi. Cikin waɗanda suka haɗu da shi har da jama'ar Shehu Umarul Futi waɗanda Faransawa suka koro daga Segu. An tare su a Burmi, ya yi shahada ran 27 ga Yuli 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya tsira da sauran jama'a, suka yi ta tafiya har Sudan, inda suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin da ake kira Mai Wurno da sunansa. Jikokin Shehu suka koma manoma a wata ƙasa, kuma garin ya zama zango ga mahajjatan ƙasar Hausa masu tafiya a ƙasa. Alfa Hashim, ɗan ɗan'uwan Shehu Umarul Futi, shi ma daga Burmi ya wuce har Madina.

Waziri Muhammadu Buhari, jikan Nana Asma'u, ya zaɓi zama. Ya fita daga gari da farko, sa'an nan ya shawarci malamai, ya dawo domin kada a bar raunana babu mai tsaya musu, kuma kada ƙasar ta wayi gari babu salla babu shari'a. Abin ya dame shi ƙwarai, har ya rubuta Risalatul Wazir yana bayyana wa ma'abota ilmi hujjarsa da damuwarsa. Attahiru jikan ɗa ne, Buhari jikan 'ya, jini ɗaya, littattafai ɗaya suka karanta, kowannensu ya yi ijtihadi, kuma ba a ji malaman Sakkwato na bayansu sun fitar da ɗayansu daga sahun mutanen kirki ba.

Wani reshen ya riga su tafiya gabas. Hayatu ɗan Sa'idu ɗan Bello ya bar Sakkwato ya zauna a Balda a ƙasar Adamawa, ya yi mubaya'a ga Mahadin Sudan, ya haɗa kai da Rabe, aka kashe shi a 1898. Ɗansa Malam Sa'idu ya kafa jama'a a Dumbulwa kusa da Fika, Turawa suka kama shi a 1923 suka kai shi Buea ta Kamaru, daga baya aka dawo da shi Kano inda ya rasu a 1978.

A ƙarni na 20 sunayen zuriyar sanannu ne. Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, daga gidan Mu'azu ɗan Bello, ya yi shekara 50 a kan gado, daga 1938 zuwa 1988. Sardauna Ahmadu Bello a ƙauyen Raba aka haife shi, ɗan Ibrahim ɗan Sarkin Musulmi Abubakar na Raba ɗan Bello, ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya zama Firimiyan Jihar Arewa daga 1954 har aka kashe shi ran 15 ga Janairu 1966. Ibrahim Dasuƙi daga gidan Buhari ya yi sarauta daga 1988 zuwa 1996, sai Muhammadu Macciɗo har 2006, sai ƙanensa Muhammadu Sa'ad Abubakar, Sarkin Musulmi na 20. Amma wanda ya riƙe gadon alƙalami shi ne Waziri Junaidu ɗan Waziri Buhari, wanda aka haifa a 1906 ya rasu a 1997. Ya tara rubuce-rubucen kakanninsa, ya rubuta Tarihin Fulani da Hausa, ya buɗe ɗakin littattafansa ga masu bincike na gida da na waje. Daga taskar gidansa aka sami mafi yawan waƙoƙin Nana Asma'u da aka buga a littafi ɗaya a 1997.

Abin da ya shafi wannan yanki

Idan aka bi wannan tarihi tun daga farko, za a ga kowace tsara ta sami wanda ya rubuta ta gabanta. Abdullahi ya rubuta malamansu, Bello ya rubuta hijira da jihadi, Giɗaɗo ya tattara karamomin Shehu da sunayen matansa da 'ya'yansa da almajiransa a Raulul Jinan, Asma'u ta yi wa mamatan gidan marsiyya ɗaya bayan ɗaya, har da maƙwabta waɗanda ba su da wani muƙami, Junaidu kuwa ya adana duka. Gidan ya tashi daga Ƙonni, ya tashi daga Maratta, ya tashi daga Ɗegel, wani reshe ya tashi daga Sakkwato, amma a kowace tashi gafakar littattafai tana cikin kaya.

Mutanen Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara ba baƙi ba ne ga tashi. Tun daga hare-haren Maris 2014 a yankin Maigora, zuwa sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara ran 11 ga Disamba 2020, da abin da ya biyo baya, ƙauyuka da dama sun watse. Gidaje sun rabu, wasu a Funtuwa, wasu a Katsina ko Zariya ko Kano, wasu sun koma, wasu ba su koma ba. An yi lissafin rayuka da dabbobi da hatsin da aka rasa, kuma ya dace a yi. Abin da ba a cika lissafawa ba shi ne tsohon da ya rasu a gidan haya a birni, shi kaɗai ya san sunan kakan kakansa, da garin da suka taso, da wanda ya haƙa rijiyar masallaci, da malamin da ya fara kawo wuridi ƙauyen. Wannan fitina ta kuma sa gaba tsakanin Bahaushe da Bafillace a wuraren da kakanninsu suka yi auratayya suka yi sahu ɗaya. Da za a rubuta salsalar gidaje da yawa na wannan yanki, da an ga jinin ɓangarorin biyu a cikinta, kamar yadda aka ga gidan Fodiyo Bafillace yana karantarwa da Hausa, Buzu yana ɗaukar masa littattafai.

Aikin bai fi ƙarfin kowace zawiya ba. Muƙaddami zai iya wakilta almajiri ɗaya mai kyan rubutu, da boko ko da ajami, ya zauna da dattawan kowane gida, maza da mata, domin sau da yawa tsofaffin mata sun fi riƙe sunaye da auratayya. A rubuta sunayen iyaye iyakar inda aka sani, da na uwaye, kada a tsaya ga maza kaɗai. A rubuta garin da aka taso da dalilin tasowa, da inda kaburbura suke, da gonakin gado da iyakokinsu, da malaman da aka yi karatu wurinsu, da salsalar wuridi daga muƙaddami zuwa shehinsa. Inda aka sami saɓanin ruwaya a rubuta duka biyun tare da sunan wanda ya faɗa. Tsofaffin ijazozi da wasiƙu da Alƙur'anan hannu a ɗauki hotonsu da waya, a ajiye kwafi a hannun ɗan'uwa da ke wani gari, kada duka su kwana a ɗaki ɗaya.

Allah Ya jiƙan Malam Muhammadu Fodiyo da ke kwance a Ɗegel, da Shehu Usmanu da 'ya'yansa maza da mata, da waɗanda suka kwanta a Gwandu da Wurno da Salame da Burmi da Mai Wurno. Allah Ya jiƙan iyaye da malaman wannan yanki, Ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu cikin aminci, albarkar Annabi Muhammadu (S.A.W.).